Munduwar Hajiya Babba da ramukan jan ƙarfe na kudancin Darfur

Amarya, ƙaninki ya karanta mini saƙonki. Kin ce malaminku ya amince ki rubuta tarihin Hufratun Nahas, wato ramukan jan ƙarfe na kudancin Darfur, kuma kina tambaya ko al'ada ta yarda a kankare munduwar Hajiya Babba a kai ɗakin gwaji, tunda a gida ana cewa ƙarfenta daga can ya fito. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Munduwar da ko ranar biki sai an yi shawara kafin a buɗe adaka, ita za ki sa wa magagari? Daga baya dariyar ta tsaya, don na ga da gaske kike.

Zancen gida ba iska ba ne. Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa fataken Wadai na kawo jan ƙarfe daga wani rami da ke kudu da Darfur. Wurin yana kusa da kogin Umbelasha. Mutanen wajen, Kiresh da maƙwabtansu, su ke haƙo koren dutsen, su narka shi da gawayi, su zuba shi ƙawanya-ƙawanya masu nauyi don a ji daɗin ɗora wa dabba, Sarkin Darfur kuma ya karɓi rabonsa. To amma a kasuwa ɗaya ake sayar da shi da tagullar Turai da raƙuma suka ɗauko daga Tarabulus, kuma maƙera ɗaya suke shiga.

Ina yaro, wata dattijuwa ta aiko wa Baba ƙwarya cike da tarkace, tana son mundaye biyu na auren jikarta. A ciki akwai karyayyar munduwar uwarta, da kwanson harsashi, da guntun waya, da kan tsohon risho. Baba ya riƙa ɗaukar kowanne yana ƙwanƙwasawa a uwar maƙera ya saurari kukansa, ya ɗan goga magagari ya ga launin ciki: ja tsantsa gefe guda, mai ruwan ɗorawa gefe guda, wanda dalma ta yi wa yawa ya jefar. Ya siffanta mundayen da kakin zuma, aka lulluɓe su da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki, aka shanya, aka gasa har kakin ya tsiyaye. Gawayin ƙirya kawai yake yarda da shi. Da kasko ya yi ja, farin hayaƙi ya fara tashi, sai ya kore mu baya, don tutiya ce ke ƙonewa, tana sa zazzaɓi. Ɗaya daga cikin mazuban bai gama bushewa ba, ruwan ƙarfe na shiga ya yi tartsatsi ya tsage. Baba ya kwashe abin da ya zube, ya ƙara guntun waya don cike nauyi, ya sake narkawa. Har gobe a gidan nan ana cewa mundayen na kakar kaka ne daga gabas, kuma ba ƙarya suke yi ba, tsohuwar munduwar tana ciki. Baba yakan ce kasko ba ya tambayar asali.

Shi ya sa gwajin zai fi iya gaya miki abin da munduwar ba ita ba ce. Idan aka samu tutiya da yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku, to tagullar masana'antar Turai ce, ko an gauraya. Idan jan ƙarfe ne kusan zalla, ƙofa ba ta rufu ba, amma ba a tabbatar ba sai an kwatanta da dutsen ramin ko kashin ƙarfen da aka bari a wurin narka. Na'urar gwaji da ake haska wa a jikin ƙarfe kuma fata kawai take karantawa, fatar da aka shekara ɗari ana dirza da toka da tsamiya. Masu aikin da kyau suna huda ta ciki, inda take taɓa ƙafa, da tsinken huji na milimita 1, su zubar da garin farko, su ɗebi abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Kafin nan a auna nauyi, a ɗauki hoto ta kowane gefe. Batun izini kuwa, munduwa kayan mata ce, makullin yana hannun gwaggonki. Ba ta waya ake yin irin wannan roƙo ba.

Takardu za su wahalar da ke ta wajen suna. Wani ya rubuta Hofrat en Nahas, wani El Hofra, wani Hufrat al-Nahas, duk ki nema. Zubairu Rahama, wani babban mai fataucin bayi ɗan Sudan, ya ci Darfur a 1874, wani hafsan Amurka mai aiki wa Masar, Purdy, ya isa ramukan a 1876, sannan hargitsin zamanin Mahadin Sudan ya watsa masu aikin. Turawan da suka je bayan 1900 ramuka suka tarar cikin ciyawa, don haka duk abin da suka faɗa kan yawan ƙarfen da ake fitarwa ji ne, ba gani ba. Kada ki nemi fayilolin zamanin Turawa a ƙarƙashin Darfur: yankin yana lardin Baharul Gazal har 1960. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya toshe hanyar Kartum da Niyala, babban garin kudancin Darfur, amma Jami'ar Durham a Ingila tana da takardun jami'an Sudan masu yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane. Wajen 1930 Turawa suka tashi garin Kafiya Kinji da ke kusa da ramukan suka ƙone shi, aka kora wasu wajen garin Raga, waɗanda aka lissafa a baƙin yamma, har da namu masu hanyar hajji da suka zaune, aka tura su arewa. Kafin wannan kuma ƙasar farautar bayi ce. Duk wanda kika tambaya wa ya haƙa ramin, kin tambaye shi wa aka mallaka. Iyayenmu suna cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yankanta. Ku 'yan yanzu sai ku yi sallama a tsaye, ku danna waya a bakin tsoho. A da sai wani da aka sani ya kai ki, da goro, zuwan farko gaisuwa ce kawai, ba a buɗe littafi. Ba a ce wa mutum "ku su wane ne". Ki tambaye shi sana'a: gawayin wane itace, zuga-zugin fatar me, da rani ake shiga rami ko bayan kaka, wa ke ɗaukar ƙawanya zuwa kasuwa. Wanda ya amsa waɗannan daga bakin mai yi ya ji. Idan ya yi shiru a wani wuri, ki rubuta cewa ya yi shiru, ki wuce tambaya ta gaba.