Hukuncin Jinginar da Kason Gado Kafin a Raba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida a Kano, ba a raba ba tukuna. Magada su ne mahaifiyarmu, mu maza uku, da ƙanwarmu ɗaya. Ina neman rancen naira miliyan 5, mai kuɗin ya ce sai na jinginar masa da kasona. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Jingina halal ce: aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma Manzon Allah (SAW) ya jinginar da sulkensa wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Jinginar da kason da ke cuɗe da na wasu ma ta halatta a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad. Abu Hanifa ne ya hana. Da mahaifinku yana raye, da maganar ba ta taso ba, don ba ka mallaki komai ba, kuma ba a san wa zai riga wani ba.

Amma malam, kafin ka sa hannu, ka san ainihin abin da ka mallaka. Gado shi ne abin da ya rage bayan an fitar da haƙƙin da ya rataya ga wata kadara, kamar jinginar da mamacin ya yi, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusi. A ce bayan jana'iza da bashi miliyan 24 ta rage. Mahaifiyarku tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3. Sauran 21 a kasa bakwai, kowane namiji miliyan 6, ƙanwarku 3. To in ya yi wasiyya da sulusi fa? Miliyan 8 ta fita, uwa ta sami 2, kai kuma 4 kacal, ƙasa da bashin da kake nema. Idan kuwa ya bar matarsa da ciki, a mazhabar Malik rabo yana tsayawa har ta haihu. Wannan rashin tabbas ba ya ɓata jingina, domin Malikiyya sun sassauta garari, wato rashin tabbas a kan abin da ake ƙulla yarjejeniya a kai, a nan saɓanin ciniki, sai dai wajibi ne ka bayyana wa mai kuɗin komai.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne karɓar abin da aka jinginar. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa jingina ba ta cika sai an riƙe ta, kuma sai shaidu sun ga karɓar da idonsu. Takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Mai kuɗin zai tsaya a matsayinka cikin 'yan'uwanka, ko ku sa kason a hannun wani amintacce da kuka yarda da shi. In mai kuɗin ya ba ka izinin ci gaba da zama a ciki, jinginar ta warware. In kuma ka rasu ko ka karye kafin ya karɓa, ya zama kamar sauran masu binka, ba shi da fifiko. Yardar 'yan'uwanka ba sharaɗi ba ce, amma ka sanar da su. Ɓoye irin wannan yana raba zumunci. Kason mahaifiyarka da na ƙanwarka kuwa, ko takardar gidan gaba ɗaya, ba ka da ikon miƙawa.

Sharaɗi biyu kada ka yarda da su. Na farko, cewa in lokaci ya cika ba ka biya ba kason ya zama nasa. Hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya hana wannan. Abin da ake yi shi ne a sayar, ta hannunka ko ta hannun alƙali in ka ƙi, ya ɗauki miliyan 5 ɗinsa, ragowar taka ce, in bai kai ba yana binka cikon. A lokacin sayarwa 'yan'uwanka suna da haƙƙin shuf'a, wato su ne suka fi bare cancantar sayen kason. Na biyu, ya zauna a gidan kyauta ko ya riƙa cin kuɗin haya. Tunda rance ne, wannan riba ce. Hayar taka ce.

Ta fuskar hukuma, gidan da ke da shaidar mallaka ta gwamna, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a jinginar da shi. Shawarata, ku fara zuwa kotun shari'ar Musulunci a ƙiyasta gidan a fitar wa kowa kasonsa a rubuce, sannan ka jinginar da naka gaban shaidu biyu adilai.

Wallahu a'alam.