Rashancin cikin waya da Rashancin bakin kanti

Ƙanena, na ga saƙonka, na kuma yi murna da jin an ba ka gurbin karatu a Rasha. Ka ce saura wata biyar ka taho, ka cika waya da darussan Rashanci na sauraro har kala uku, amma ka rasa wanda za ka riƙe. Akwai na wasu mutum biyu da ke bayani da Turanci suna barkwanci, akwai na wata mata da ke jan kowace kalma a hankali, sai na wani mutum da ke ta zuba da Rashanci zalla kana tsintar kalma ɗaya cikin goma. Ka ce na matar ya fi kwanta maka.

Ni ma irinsa ya kwanta min kafin in zo Kazan, kuma shi ya ba ni kunya a makon farko. Na shiga kanti na sayi burodi da madara, mai karɓar kuɗi ta jefo min wata magana ko kallona ba ta yi ba. Na tsaya ina zare ido, layi ya taru a bayana. Abin da ta ce kawai shi ne "paket nuzhen?", wato kana son leda? Na san kalmomin biyun, na ji su a darasi ya fi a ƙirga, amma da wata murya daban na san su.

Ga inda gizo ke saƙar. A Rashanci kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake danna wa murya, sauran gaɓoɓin sai su raunana har wasalinsu ya sauya. Madara ana rubuta ta moloko, a baki kuwa malako ce. Khorosho, wato da kyau, harasho za ka ji. Gaisuwar nan mai karya harshe, zdravstvuyte, da yawa zdrasti suke cewa su wuce. Seychas, yanzu, ta koma shas, tysyacha, dubu, ta koma tisha. To mai gabatarwar da ke son taimaka maka har ta riƙa ba kowace gaɓa haƙƙinta, tana cire maka ainihin abin da kunnenka ke buƙatar sabawa da shi. Ka ƙaddara Bature ya koyi Hausa daga wanda ke karanta masa "i-na kwa-na" kamar ɗan aji ɗaya, sannan a sauke shi a tashar Unguwa Uku cikin 'yan kamasho.

Jinkiri iri biyu ne, ka iya bambance su. Wani yana miƙe kalmar kanta kamar danƙo. Wani kuma yana faɗin jimla yadda ake faɗinta, sai ya yi shiru ya ba ka lokaci, ya sake maimaita ta da wasu kalmomi masu sauƙi. Na biyun nan shi ne malami. Idan mutumin naka na uku haka yake yi, kar ka sake shi ko da kana jin kamar ruwa ya sha kanka. Ka nemi wanda ke da rubutaccen abin da ya faɗa, ka ji sau ɗaya ba ka duba ba, ka ji kana bin rubutun, sannan ka ajiye rubutun ka sake ji. Haruffan Rashanci 33 ne kacal, mako biyu ya ishe ka ka iya haɗa baƙi.

Mu Hausawa muna da wata riba a nan da ba mu cika lura da ita ba. Kunnen da ya saba raba garin da ake zama da garin da ake tuwo ba zai sha wuyar jin bambancin múka, azaba, da muká, garin alkama ba. Haka zámok, fadar sarakunan da, da zamók, kwaɗon ƙofa. Akwai ma kalmar rubutu, pisát', wadda in ka danna gaɓar farko ta koma yin fitsari, kuma kusan kowane aji na baƙi sai an samu wanda ya faɗa ramin nan a gaban malama. Tambaya ma sau da yawa ba a ƙara mata ko kalma ɗaya, murya kawai ake ɗagawa a kan kalmar da ake tambaya a kai. Duk wannan ba ya shiga sai daga bakin wanda ya sha harshen a nono kuma yake magana da rai. Mai karanta jimloli da murya ɗaya kamar yana kiran sunayen 'yan aji ba zai ba ka shi ba.

Masu barkwanci da Turanci ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ka ɗauki agogo ka auna minti nawa na Rashanci ke cikin darasi guda, za ka yanke hukunci da kanka. Amfaninsu ɗaya, idan sauye-sauyen ƙarshen suna guda shida da ake kira padezhi suka ɗaure maka kai, ka leƙa ka ji bayani ka fito.

Sai abin da ba wanda ya gaya min. Duk wanda ka daɗe kana sauraro, bakinsa za ka ɗauka. A Hausa "na gane" ɗaya ce ga mace da namiji. A Rashanci namiji ya ce ya ponyal, mace ta ce ya ponyala. Ni da na yi wata huɗu ina bin muryar mace ina maimaitawa, ranar farko a aji malama ta tambaya ko an fahimta, na buɗe baki da ƙarfina na ce ya ponyala. Har muka gama shekarar abokan ajina ba su daina tsokanata da ita ba. Don haka ka haɗa muryar namiji da ta mace, amma wanda za ka riƙa kwaikwayo da baki ya zama namiji. Ka kuma kula da masu gabatarwa matasa da ke ce wa kowa ty, wato kai ko ke, da privet, wato sannu. Tsakanin abokai ne wannan. Malaminka, da jami'in ofis, da dattijuwar da ke gadin ƙofar masaukin ɗalibai, vy, wato ku na girmamawa, ake ce musu, malami kuma da sunansa haɗe da sunan mahaifinsa ake kiransa. In ka ce musu ty, kamar ka shiga gaban surukinka ne ka ce masa "kai, ya ne?"

Ba ka faɗa min garin da aka tura ka ba. Idan wajen kudu ne, irin su Rostov ko Voronezh, za ka ji mutanen gari suna furta g kamar h, kar ka ɗauka kunnenka ne ya samu matsala. A nan Kazan kuma za ka ji Tataranci a masallaci da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani harshe ne daban, ba Rashancin da ka kasa ganewa ba ne.

Kar ka ɗora wa kanka cewa sai ka iya kafin ka sauka. Shekarar share fage, podfak, don haka aka yi ta, daga harafin farko za a faro muku har a kai ku matakin B1 da ake nema kafin shiga jami'a. Nahawu za su ɗura maka shi har ka ƙoshi. Abin da aji ba ya iya bayarwa da sauri shi ne kunne, ga shi sauraro ɓangare ne mai zaman kansa a jarrabawar, kuma malaman da za ka tarar a zangon farko na digiri ba sa rage gudu don baƙo. Watanni biyar ɗin nan na kunne ne. Ka ba darasin matar nan wata guda har ka kama sautukan, sannan ka koma wajen mai zuba, minti ashirin kullum, ko bayan Asuba ne.

Ka ɗauki muryarka kana faɗin zdravstvuyte da moloko ka turo min in ji inda kake dannawa. Ka gaida Baba da su Hajiya, ka ce musu yaji da kuka da daddawa kawai za su haɗa maka, rigar sanyi a nan za ka saya.