Tashoshin talabijin ba sa tsallake VLAN: saita RP

Ɗan'uwa, ka ce a otal ɗin da kake kula da rezonsa a Yamai kuna da suwic uku na Cisco, tashoshin IPTV (talabijin da ke bi ta rezo) suna fitowa a VLAN ɗin sabar kaɗai, wato ɓangaren rezon da aka keɓe wa sabar, sauran benaye shiru. Alamar rashin RP (Rendezvous Point) ke nan. A PIM sparse mode, wato tsarin da ke kai multicast (saƙo ɗaya zuwa ga masu kallo da yawa) daga VLAN zuwa VLAN, mai aikawa da mai kallo ba su san juna ba sai sun haɗu a RP, wato mahaɗa.

Suwic uku ba su kai a wahala da Auto-RP ko BSR (hanyoyin da suwic ke gano RP da kansu) ba, sa RP ɗin da hannu. Zaɓi suwic na tsakiya ya zama RP, ka buɗe masa loopback, wato adireshin cikin suwic da ba ya rataye da wata waya, misali 10.0.0.1/32, domin ba ya faɗuwa idan waya ta cire. Ka kunna ip multicast-routing a kowanne (tsofaffin 3560 da 3750 suna son ka ƙara distributed), ka sa ip pim sparse-mode a kan kowace SVI (interface ɗin VLAN a cikin suwic), da hanyoyin da ke tsakaninsu, har da loopback ɗin. Sannan ip pim rp-address 10.0.0.1 a dukkansu, har shi RP ɗin kansa. Nan mutane suka fi mantawa.

Adireshin loopback ɗin kuma dole ya shiga OSPF ko static route, wato hanyoyin da sauran suwic za su san ta inda za su kai gare shi, in ba haka ba binciken RPF (duba ko saƙo ya shigo ta hanyar da ke komawa tushensa) zai zubar da komai ba tare da ƙorafi ba. Duba da show ip pim rp mapping, sai show ip mroute.

In wutar NIGELEC na yawan kashe suwic na tsakiya, ka fara sa masa batir kafin ka yi tunanin Anycast RP, wato RP fiye da ɗaya masu adireshi guda.