Tambaya da Amsa: Ina So Girkin Lafiya Ya Zama Sana'ata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun da aka gano mahaifiyata na da ciwon suga ni ke yi mata girki. Na rage mata tuwon shinkafa, na koyi sarrafa acca da alkama, har maƙwabta kan zo neman shawara. Bana zan gama sakandare. Wane karatu zan yi abin ya zama sana'ata?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Sunan kwas ɗin a takardar JAMB shi ne Nutrition and Dietetics, wato ilimin abinci mai gina jiki da tsara wa marasa lafiya abinci. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi Turanci, Lissafi, Kemistiri, Bayoloji da Fiziks. Ki riƙe Kemistiri da kyau, don a nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Sukan shigo da tunanin girki za a koya, sai su tarar da darasin yadda hanta ke ajiye suga da yadda ƙoda ke tace gishiri. Jami'ar Bayero ta Kano na koyar da shi, haka jami'o'in Ibadan da Nsukka, digirin kuma shekara huɗu ne a yawancin wurare. Idan maki bai kai ba, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na ba da difloma, daga nan a iya neman shiga jami'a kai tsaye.

Bayan digiri hanya ta rabu biyu. Mai son aikin asibiti sai ta yi horon shekara ɗaya a babban asibiti ƙarƙashin ƙwararru. A nan za ki gane dalilin da ya sa ayaba da lemo, da ake yabo ga mai lafiya, kan zama haɗari ga wanda ƙodarsa ta gaza, saboda sinadarin fotasiyam da ke taruwa masa a jini. Haka mai ciwon suga da ke allurar insulin, in aka rage masa abinci ba a daidaita allurar ba, suga na iya faɗuwa har ya suma. Shi ya sa muke roƙon ki, maƙwabtan nan da ke zuwa, ki tsaya a abin da ya shafi kowa: yawaita ganye irin su zogale da rama, rage lemon kwalba, gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Mai shan magani kuwa ki tura shi asibiti.

Ɗaya hanyar ita ce aikin al'umma, kuma a Arewa nan ne buƙata ta fi yawa saboda tamowa. Za ki koyi auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, haka kumburin ƙafafu biyu. Irin wannan yaro ake ba kwaɓaɓɓiyar gyaɗar nan ta leda, kowace ɗaya giram 92. Ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙungiyoyi irin su UNICEF na aiki da masu wannan ilimi. Ki koyi kwamfuta da rubuta rahoto tun kina makaranta, aikin ba ya tafiya sai da su.

TAMBAYA: Ni matar aure ce, ban yi kimiyya a makaranta ba, amma ina haɗa wa yarana garin kunu, ina son in fara sayarwa. Ya halatta?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Ya halatta Hajiya, muddin ba ki kira kanki likitar abinci ko ki ce garin magani ne ba. Haɗin da aka fi sani shi ne mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. Waken a jiƙa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya sama-sama har ƙarnin ya fita. In bai soyu ba yakan kumbura wa yaro ciki. Kowane hatsi a soya shi daban, don ba tare suke nuna ba, a bari su huce kafin a kai inji.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane na ɗauke da guba mai lahanta hanta, suya kuma ba ta kashe ta, sai dai a tsince a zubar. Garin da aka ƙulle da sauran danshi shi ma fumfuna zai yi. Ki rubuta a jikin leda ranar da aka niƙa, da cewa akwai gyaɗa a ciki, kuma na yaron da ya cika wata shida ne, tare da nono. Kafin ki kai shi kantuna, ki yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, ki nemi lambar NAFDAC.