Wace irin kariya zan ɗora wa motata don tafiyar Sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Abuja, kuma duk Sallah ni da iyalina muna tafiya gida Katsina a motata Sienna. Mu bakwai ne, ni da uwargida da yara biyar. Da zarar kowa ya zauna, but ɗin ba ya ɗaukar kayanmu, sai yara su yi tafiyar da jakunkuna a cinya. Ina so in sa kariya, wato abin ɗora kaya, a saman motar. Wani ya ce in je wajen masu walda su haɗa mini ta ƙarfe, wani ya ce in sayi akwatin nan na roba mai murfi, na kuma ga wata babbar jaka da ake ɗaurewa a rufi. Wacce ta fi? Idan za mu dawo kuma mukan taho da tsarabar hatsi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai mu Sallar lafiya. Ka yi daidai da kake neman raba yara da kaya a cinya, domin jakar da ke kan cinyar yaro, in aka taka birki da ƙarfi, gaba take tashi ta doki wanda ke gabanta. Amma kafin mu kai ga wacce ta fi, akwai lamba ɗaya da nake so ka nemo, don ita ce za ta yanke maka hukunci: nauyin da rufin motarka zai iya ɗauka tana cikin tafiya.

Lambar tana cikin littafin mota, a sashen da ke magana kan lodi. In motar ta zo ba littafi, kamar yadda yawancin motocin hannu suke zuwa mana, a rubuta sunan motar da shekarar ƙirarta a intanet, littafin zai fito. Ƙananan motocin gida galibi suna tsakanin kilo 50 da 75. Littafin Sienna irin wadda ta fi yawa a hanyoyinmu ya ce fam 150, wato kilo 68. Ka duba na shekarar taka don ka tabbatar. Abin da mutane ke mantawa shi ne wannan kilo 68 ɗin ya haɗa har da nauyin kariyar kanta. Akwatin roba mai matsakaicin girma yakan kai kilo 15 zuwa 20, sandunan da ake gittawa ya zauna a kansu kuma kusan kilo 5. Ka cire su, sai ka ga abin da ya rage maka bai wuce kilo 43 zuwa 48 ba. Buhun shinkafa guda kilo 50 ne. To ka ga maganar tsarabar hatsi ta mutu tun a nan: buhu ba na sama ba ne, wurinsa ƙasan but, a matse shi jikin kujerar baya.

Na san za a ce ai muna ganin motocin haya da kaya jibge a kai har sun fi motar tsayi, kuma suna isa. Suna isa, wasu ranakun. Ni da nake buɗe ƙasan irin waɗannan motoci na san kuɗin da suke biya. An taɓa kawo mini wata mota da mai ita ya ɗora buhun masara biyu a kan kariyar walda ya taho da su daga ƙauye. Ƙafar kariyar ta gaba ta lotsa rufin har yatsa yana shiga, fenti ya tsage, kuma da damina ta faɗi ruwa ya riƙa bi ta nan yana ɗiga a kafaɗar direba. Shi mamaki yake yi, yana cewa ai shi da kansa ya hau kan rufin lokacin ɗaurin kaya kuma bai lotsa ba. Gaskiya ya faɗa. Rufi yana iya ɗaukar ƙato idan mota tana tsaye. Amma idan taya ta faɗa rami ana gudu, kayan sai su yi sama su dawo su daki rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu, kuma a tafiya ɗaya hakan zai faru sau ɗaruruwa. Shi ya sa wasu kamfanonin da ke ƙera kariya suke cewa a rage kashi ɗaya bisa uku na lodin idan za a bi hanya marar kwalta. In daga Katsina akwai sauran burji kafin a isa gida, ka sa wannan a lissafi.

Lotsewar rufi ma ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce yadda nauyi a sama yake sauya halin mota. Takan riƙa kwanciya a kwana, iskar tirela idan ta gifta sai ka ji sitiyari ya motsa a hannunka, kuma ranar da akuya ko mai babur ya faɗo maka ka kauce da sauri, motar da aka yi wa lodi a ka ita ce mai saurin kifewa. Da yara biyar a ciki, ba abin da za a yi wa gwaji ba ne.

Yanzu ga nau'o'in uku.

Akwatin roba mai murfi shi nake zaɓa wa mai iyali irinka, in aljihu ya yarda. Yana da makulli, saboda haka za ku tsaya sallah ko cin abinci a Zariya hankali kwance. Ruwan sama ba ya shiga, ƙurar hunturu ma kaɗan take samun hanya, sannan siffarsa mai tsini a gaba tana yanka iska fiye da tulin kaya. Da lita ake auna cikinsa, daga kusan 300 zuwa 600. Ga mutum bakwai, 400 zuwa 450 ya isa. Kada girma ya ruɗe ka: wanda ya sayi na lita 600 sai ya ji dole ya cika shi, kuma tun kafin ya cika ya wuce nauyin da rufi ya yarda da shi. Fitattun masu ƙera shi su ne Thule na ƙasar Suwidin da Yakima na Amurka, kuma ana samun na gwanjo a kasuwannin kayan mota. In na gwanjo za ka saya, ka juya shi ka duba ƙasa inda maƙalai suke kama sanda, don nan yake fara tsagewa. Ka danna murfin da tafin hannu. Robar da rana ta gama cinyewa takan yi fari-fari kuma ta bushe, ba ta lanƙwasa. Ka buɗe ka rufe makullin sau uku a gaban mai sayarwa. Ranarmu ba ta wasa ba ce, don haka mai launin toka ko fari ya fi baƙi.

Abu guda da Sienna take da shi wanda sai an kula: ƙofar bayanta sama take ɗagawa. Akwati mai tsawo yakan tokare ta, har ya kankare fenti. Kada ka biya kuɗi sai an ɗora shi a kan motar, an tura shi gaba daidai gwargwado, ka buɗe but har ƙarshe ka gani da idonka. Ka kuma auna tsayin motar da akwatin a kai, ka gwada da ƙofar gidanka da rumfar da kake ajiye ta.

Jakar da ake ɗaurewa ita ce mai araha, ba ta da nauyi, kuma in an dawo sai a naɗe ta a jefa ƙarƙashin gado. Ga wanda tafiyarsa sau biyu ce a shekara, ba laifi. Sai dai ba ta da makulli na kirki, reza ɗaya ta ishe ta, kuma in ba a cika ta ta yi tam ba, iska za ta yi ta kaɗa ta tun daga Zuba har Funtuwa. A shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashinta, a kuma goge rufin tukuna, don yashi kaɗan tsakanin jaka da fenti aikin sanfefa yake yi. Waɗanda ake ratsa igiyarsu ta cikin ƙofofi ban cika son su ba: ruwa yana bin igiyar ya shigo, kuma a motocin da ke da jakar iska a gefen rufi, wadda ke kumbura ta kare mutane in an yi hatsari, igiyar tana iya tare mata hanya. Tunda Sienna da yawa suna da ƙarafa biyu a gefen rufi, a nan za a ɗaure.

Kariyar walda kuwa, ba na raina ta. Akwai gwanaye a Panteka ta Kaduna da sauran wurare masu aiki mai tsafta, kuma ita ce ta fi dacewa da kaya marasa siffa kamar katifa, tabarmi da keken yara. Matsalarta biyu. Ta farko nauyi: ƙarfen da ake yin ta da shi yakan cinye kaso mai tsoka na kilo 68 ɗin tun ba a ɗora komai ba, saboda haka ka sa a ɗora ta a sikeli kafin ka karɓa. Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce yadda ake kafa ta. Kada ka yarda a huda rufin motarka, kada kuma a yi walda a jikinsa. A ɗaure ta da noti a kan ƙarafan da kamfani ya sa, da roba a tsakani. Kayan da ke kanta kuma a lulluɓe da tamfol, a ɗaure da bel mai maƙali irin wanda ake ja yana ƙara matsewa. Robar tsohon tif da muka saba ɗaure kaya da ita tana miƙewa, zafi yana tsinka ta, kuma jakar da ta faɗo a babban titi hatsari ce ga wanda ke biye da kai.

Kowacce ka zaɓa, za ta ci mai. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce babban akwatin rufi yana iya ƙara shan mai da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a cikin gari, har ya kai kashi 10 zuwa 25 idan ana gudun kilomita 105 zuwa 120 a awa. Dalili shi ne turjiyar iska: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Dokar hanya a Najeriya dama ta tsayar wa motar gida kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu da 80 a sauran manyan hanyoyi, kuma da kaya a sama ni ina ba da shawarar a tsaya tsakanin 80 da 90. Da an dawo daga tafiya a sauke kariyar, don ko babu komai a ciki tana shan mai. Jami'an kiyaye haɗurra ma suna kama lodin da ya wuce kima, kuma abin da ke saman mota shi idonsu ke fara gani.

Wajen shirya kaya, sama ta tufafi ce: kayan Sallar yara, atamfofi, barguna, matasan kai, darduma. A zuba su a jakunkuna masu laushi, sun fi akwatin ƙarfe shiga lungu. Mafi nauyi a tsakiya, tsakanin sandunan biyu, a kuma ɗaure su da bel ɗin ciki don kada su zame gaba in an taka birki. Jarkar fetur, tukunyar gas, magunguna, kwamfuta da abinci duk kada su hau, saboda cikin akwati da tsakar rana tanda ne. Ka ɗauki sikelin da ake hawa a gida ka auna kowace jaka. Minti biyar ne, kuma za ka sha mamakin yadda atamfa take da nauyi in ta taru.

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda manne mai nuna jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, da yawan iskar da ya kamata a ba tayoyi. Kayan sama suna cikin wannan jimillar. Ka auna iskar da safe tayoyi suna sanyi, har da tayar ajiya. Bayan kun yi tafiyar kamar rabin awa, ka sami wuri mai aminci ka tsaya, ka kama kariyar da hannu biyu ka girgiza. In motar ce ta motsa gaba ɗaya, ɗauri ya yi. In kariyar ce kaɗai ta motsa, a ƙara matse noti, kuma a maimaita haka duk inda aka tsaya shan mai.