Sau Biyu Na Nemi Tallafin Karatun Digiri Na Biyu A Waje Ban Samu Ba, Ina Gizo Ke Saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan Jihar Jigawa ne, shekaruna 28. Na kammala digirin farko a fannin tattalin arzikin noma shekara huɗu da suka wuce da sakamako mai daraja ta biyu ta sama, na yi hidimar ƙasa, kuma yau shekara uku ke nan ina aikin malamin gona da wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Haɗejia. Sau biyu ina neman tallafin Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya take bayarwa domin karatun digiri na biyu a can, ko ganawa ba a kira ni ba. Yanzu wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini gurbi domin yana da hanya. Shin da gaske sai da hanya ake samu? Kuma dole ne sai na rubuta jarrabawar gwajin Ingilishi ta IELTS?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ba mutumin nan ko sisin kwabo. Neman Chevening kyauta ne, haka ma tallafin Commonwealth na ƙasashe rainon Ingila, kuma takardun masu nema suna bi ta hannun masu tantancewa da ba su san ka ba, ba su san shi ba, kafin a kai ga ganawar da ofishin jakadancin Birtaniya yake shiryawa. Iyakar abin da irin waɗannan dillalai suke yi shi ne su cike maka fom da rubutun da suka riga suka sayar wa wasu, alhali Chevening tana bincikar rubutun da aka kwafa, ta kuma hana a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa mutum amsoshinsa. Ka ga ke nan kuɗinka ne zai sayo maka faɗuwa ta uku.

Daga bayanin da ka yi, ka cika sharuɗɗan shiga. Sakamakonka ya isa, kuma aikinka ya wuce shekara biyu, wato awa 2,800 da ake nema. Wanda ya cika sharuɗɗa amma ba a kira shi ganawa ba, galibi matsalarsa tana cikin rubutu guda huɗu da fom ɗin neman yake buƙata: na jagoranci, na iya ƙulla hulɗa da mutane, na dalilin zaɓen kwasa-kwasan da ya zaɓa, da na abin da zai yi bayan ya dawo. A nan nake so mu daɗe, domin shekarun da na yi ina duba rubutun ɗalibai sun nuna mini cewa kuskure ɗaya ne yake ta maimaituwa a wurin matasanmu.

Yawancinmu muna rubuta takardar neman tallafi kamar takardar neman taimako. Sai mutum ya fara da cewa iyayensa talakawa ne, tun yana yaro yake burin karatu a Ingila, kuma in aka taimaka masa zai yi wa ƙasarsa hidima. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma gwamnatin Birtaniya, wadda take ɗaukar nauyin Chevening tun 1983, tana zuba kuɗinta ne a kan mutumin da take hasashen zai zama mai faɗa a ji a fanninsa, don haka hujjar da take nema ita ce abin da ka riga ka aikata. Tarbiyyarmu kuma ta koya mana kunya da kawaici, muna jin nauyin cewa "ni na yi", sai mu ɓuya a bayan "mun yi" da "an yi", har mai karatu ya kai ƙarshen shafi bai gane rawar da muka taka ba. Faɗin gaskiyar abin da ka yi a inda aka tambaye ka ba yabon kai ba ne.

Ɗauki aikinka misali. A ce a wata kakar noman rani ciyawar kacala ta toshe magudanar da take kai ruwa gonakin mambobinku, na sama suna tare ruwa, na ƙasa suna kallon shinkafarsu tana ƙonewa, har an fara cacar baki. A ce kai ne ka je wurin mai unguwa da sarkin noma, ka tara ɓangarorin biyu, aka yanka ranakun aikin gayya, aka kuma tsara wanda zai sha ruwa ran Litinin da wanda zai sha ran Alhamis. Wannan shi ne jagorancin da ake tambaya. Ka faɗi yadda lamarin yake, da matakin da kai da kanka ka ɗauka, da yawan manoman da abin ya shafa, da yawan buhunan da aka girbe idan aka kwatanta da bara, matuƙar lissafin na gaskiya ne kuma za ka iya kare shi a gaban masu ganawa. Labari ɗaya irin wannan ya fi sakin layi goma na "ni mutum ne mai kishin al'umma". Haka nan rubutun abin da za ka yi bayan dawowa: "bunƙasa noma a Nijeriya" ya yi faɗi ƙwarai. Ka ambaci matsala ɗaya da ka sani ciki da bai, kamar asarar da manomi yake yi tsakanin girbi da kasuwa ko rashin bashi mai sauƙi, ka nuna darasin da ke cikin kwas ɗin da ka zaɓa wanda zai ba ka makamin tunkarar ta, sannan ka faɗi inda kake son zama a shekara biyu, da biyar, da goma. Ka tuna cewa sharaɗi ne ka dawo gida na aƙalla shekara biyu bayan karatun, don haka duk wani shiri da yake nuna kana son zama can zai kayar da kai.

Abu na biyu shi ne ka taƙaita kanka a ƙofa ɗaya, alhali ga wasu da suka fi dacewa da fanninka. A ganina, wanda ya fi cancanta ka sa a gaba shi ne tallafin hukumar DAAD ta Jamus na kwasa-kwasan da suka shafi raya ƙasa, wanda ake kira EPOS. An tsara shi ne musamman domin ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa da suka yi aikin shekara biyu, ana koyar da akasarin kwasa-kwasansa da Ingilishi, ana biyan kusan Yuro 1,000 a wata tare da inshorar lafiya da kuɗin tafiya, kuma a cikin jerinsa akwai tattalin arzikin noma a Jami'ar Hohenheim da ke Stuttgart da kuma kimiyyar noman ƙasashe masu zafi a Jami'ar Bonn. Sai dai ka lura da ƙa'idarsu cewa bai kamata digirinka ya wuce shekara shida ba, kai kuma ka riga ka ci huɗu. Haka tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu: mai neman digiri na biyu dole ya kasance ƙasa da shekara 30, kuma za a yi shekara guda ana koyon Turkanci. Waɗannan biyun lokaci yana ƙure maka a kansu.

Akwai kuma Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ɗalibi yake karatu a ƙasashe biyu ko fiye, ana ba shi Yuro 1,400 a wata, ana kuma nema kai tsaye a wurin jami'o'in da suka haɗa kwas ɗin, yawanci tsakanin Oktoba da Janairu. Tallafin Commonwealth hanya biyu gare shi, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe: na gama-gari sai ka nema ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja sannan ka cike fom ɗin hukumar Commonwealth ɗin kanta, wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya ya yi aikin banza, na haɗin gwiwa kuwa jami'ar Birtaniya ce take gabatar da kai. Ban ba ka shawarar ka nemi duk abin da ka gani ba. Uku ko huɗu da ka nazarce su sosai, ka rubuta wa kowanne takardarsa daban, sun wadatar.

Game da IELTS, Chevening ta daina sa sharaɗin jarrabawar Ingilishi tun 2020, amma jami'ar da za ta ɗauke ka tana da nata sharaɗin, kuma sai ka samu gurbi marar sharaɗi daga ɗaya cikin kwasa-kwasai ukun da ake sa mai nema ya zaɓa a fom ɗin kafin a tabbatar maka da tallafin. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar kiredit ɗin Ingilishi na WAEC, wasu a Turai suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Ingilishi aka koyar da kai, wasu kuma ba sa karɓar komai sai IELTS ko TOEFL. Shawarata ita ce kuɗin da ka yi niyyar ba wa dillali ka adana su domin wannan jarrabawa, domin maki 6.5 yana buɗe akasarin kwasa-kwasan digiri na biyu. Amma sakamakon shekara biyu kawai yake aiki, saboda haka ka rubuta ta gab da lokacin da za ka fara nema, bayan ka yi aƙalla wata biyu kana gwaji, musamman a ɓangaren rubutu, wanda shi ne yake yawan ja wa mutanenmu maki ƙasa.

Saura takardu, waɗanda ake raina su har sai sun kayar da mutum. Ka ɗauko fasfo ɗinka, da takardar WAEC, da shaidar digiri, da ta hidimar ƙasa, ka shimfiɗa su a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. A wurinmu abu ne ruwan dare ka ga Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata, kuma jami'in da ke zaune a Jamus ba zai ɗauka mutum ɗaya ba ne. In akwai saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu ka gyara tun yanzu. Sai takardar cikakken sakamako ta jami'a. Na taɓa samun ɗalibi mai ƙwazo da komai nasa ya kammala, amma takardar ta yi wata huɗu ba ta fito daga jami'arsa ba, har aka rufe karɓa, ya yi asarar shekara guda. Har yau abin yana damuna, domin ni ne ban matsa masa ya nema da wuri ba. Ka nemi taka yau, kafin ma ka yanke shawarar inda za ka.

Masu yi maka shaida kuma, ka zaɓi malamin da ya duba kundin bincikenka na shekarar ƙarshe da shugabanka na wurin aiki, ko da ba su da manyan muƙamai. Wasiƙar farfesan da bai san fuskarka ba takan fito layi huɗu marasa gishiri. Ka je ka gaishe su da kanka, ka ba su takardar tarihin karatu da aikinka tare da bayanin kwas ɗin, ka ba su aƙalla wata guda, ka kuma roƙe su su yi amfani da adireshin imel na jami'a ko na ofis da takarda mai hatimi.

Chevening takan buɗe a watan Agusta ta rufe a cikin kaka, kuma ranar rufewar tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, haka ma kowane kwas na DAAD da nasa wa'adin, don haka ka ɗauki ranakun daga sanarwar hukumomin kansu ka rubuta su a inda za ka riƙa gani. Ka gama rubutun farko wata biyu kafin wa'adi, ka kai wa wanda ya taɓa samun tallafin ya karanta ya faɗa maka inda bai gamsu ba, sannan ka aika da saura mako guda, tun kafin cunkoson ranar ƙarshe ya haɗu da ɗaukewar wuta ko yankewar intanet. Chevening ba ta hana wanda ya faɗi ya sake nema ba, saboda haka ka ɗauko rubutunka na bara ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da wani malamin gona daban zai iya rubuta irinta, ka maye gurbinta da abin da ya faru a gonakin Haɗejia a gaban idonka. Allah Ya ba da sa'a.