Kafin ka dogara da kuɗin haya ka hau hanya

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kana son ka yi shekara guda kana zagaye ƙasa da motarka, kana da ɗan abin da ka tara, kuma kana tunanin ba da gidanka haya kuɗin su riƙa ciyar da tafiyar, ko hakan zai isa. Wallahi da na zo kan maganar hayar nan sai da gabana ya faɗi, don ni ta nan aka kwantar da ni.

Ba wai haya ba hanya ba ce. Hanya ce, tana ma cikin mafi kyau. Abin tambaya shi ne hannun wa kuɗin za su bi kafin su iso gare ka. Ni ɗan ƙanin mahaifina na bar wa gidan, yaron da ya tashi a gabana, wanda ni na biya masa kuɗin makaranta har ya gama. Da farko alat yana shigowa lafiya lau. Daga nan sai yaron ya fara ce mini, Yaya, ɗan hayar ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Yaya rufin ɗakin baya yana yoyo, na cire na gyara. Yaya banki ne ya riƙe. Can kuma sai waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Ana cikin haka lagireto ya fashe mini a wani dogon daji, inda sai ka hau tudu kafin ka samu sabis. Kafin in ankara injin ya yi zafi, gasket ya ƙone. Bakanike ya ce sai an sauke kan injin. Ga mai janwe yana tsaye yana jiran kuɗinsa, ga ni a kan tudu da rana tsaka ina kiran yaron nan, ina kallon batirin wayata yana sauka. Na tura masa saƙo na ce ko rabi ne ya turo, a makale nake. Ya karanta, na ga alamar ya karanta, bai amsa ba. A cikin mota na riƙa kwana a bakin garejin, yaran bakanike suna kallona suna tausaya mini. Daga baya da na samu lambar ɗan hayar ta hannun maƙwabcina, bawan Allah ya turo mini hoton rasit: ashe tun a wata na biyu ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, har an yi masa ragi don ya biya a dunƙule. Ragi a kan gidana, ban sani ba! Kyamarata na sayar, da batirin sola, kafin mota ta fita. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Da na dawo, dangi suka taru a kaina, wai in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi, ai ni na tafi yawon jin daɗi na bar yaro da wahala. Shi kuwa yana zaune a gefe yana danna waya. Har yau bai buɗe baki ya ce mini Yaya yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah.

To, in za ka ba da haya, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ɗan haya ya riƙa zuba kuɗi kai tsaye a asusunka. Wanda zai kula da gidan ka yanka masa ladansa, amma sisi kada ya bi ta hannunsa. In an ce gyara, a turo hoto, kai ka biya mai gyaran. Kuma in kana lissafi ka ɗauka wata goma za ka karɓa ba sha biyu ba, saboda gida yana zama ba kowa, famfo kuma yana lalacewa.

Sannan ka ware kuɗin komawa. Asusu daban, katinsa kada ya zauna a aljihunka. Ya kai kuɗin janwe, da babban gyara guda ɗaya irin na inji ko giya, da man da zai mayar da kai gida daga wuri mafi nisa, da abin da za ka ci wata biyu ko uku kafin ka sake samun abin yi. Wannan ba ya cikin kuɗin tafiya. In abin da ka tara bai wuce wannan ba, ba ka tara ba tukuna.

Man mota shi ne ke cin mutum. Lissafinsa ba wuya: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, in ka yi kilomita 20,000 ta sha lita 2,000, sai ka ninka da farashin lita. Shi ya sa mu da muka jima a hanya muka daina gudu daga gari zuwa gari kullum. Ka zauna wuri guda mako biyu ko uku, kuɗin mai ya faɗi ƙasa, masauki ma in za ka daɗe ana yi maka sauƙi. Taka mota ma asara ce, don in gudu ya ninka biyu turjiyar iska ninkawa huɗu take yi. Kayan da ake ɗaurewa a rufin mota suna ƙara shan mai, haka tayar da ba ta da isasshiyar iska. Af, tayoyi: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Duba kafin ka saya, kada a sayar maka da wadda ta tsufa a shago. Baƙin mai kuma kada ka yi masa rowa, in lokacin juye ya yi a juye.

Samun kuɗi a hanya kuwa, sana'ar hannu ta fi komai. Mai gyaran waya, mai haɗa sola, mai aski, mai ɗinki, mai ɗaukar hoto, duk inda suka sauka akwai mai nemansu, kayan aikinsu kuma suna shiga but. Ni gyaran wutar gida ne ya riƙe ni bayan abin nan ya faru. Lokacin kaka gonaki suna neman hannu, in jikinka zai ɗauka, wata guda na ƙwadago yana iya biya maka watanni na tafiya a hankali. In aikinka na kwamfuta ne, ka samu masu ba ka aiki tun kana gida, ka yi musu wata uku ko huɗu su saba da kai. Neman sabon kwastoma daga inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa wahala ce kawai. Ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi, ka yi hattara: inshorar motar gida yawanci ba ta ɗaukar nauyin wannan, in tsautsayi ya faru kai kaɗai ne, ga kuma maganar izini.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce maka ka buɗe YouTube kawai. Allah ya ba shi haƙuri, amma ban yarda ba. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyo sai ka samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ko ka kai, sai kuɗin sun taru sun kai dala 100 kafin a turo. Kafin nan data da ka ƙona fa? Ka yi don nishaɗi, in ya kawo wani abu alhamdu lillahi, amma kada ka sa shi a lissafin mai. Masu ɗora hotunan faɗuwar rana ba sa nuna maka ranar da suka kwana a gareji.

Kafin ka ajiye aiki, ka ɗauki hutu ka yi wata guda a hanya, ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har kuɗin faci da na ruwa. Abin da ka samu ka ninka sha biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Ba ka faɗa mana wace irin mota ce ba, da shekarunta, da ko kai kaɗai ne ko da iyali, don in da yara lissafin ya canja gaba ɗaya. Faɗa mana, sai mu san ta inda za mu ƙara. Allah ya tsare hanya.